Sunan da Laraba Ba Ta Faɗa

Laraba mai tattasai maƙwabciyata ce a Diffa, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Asalinta ba ƴar nan ba ce. Ubanta ɗan kasuwa ne daga Damagaram, ya zo da ita tana ƙarama lokacin da garin bai wuce ofisoshin gwamnati da ƴan rumfuna ba, ya buɗe kanti kusa da tasha. Ni a lokacin ina aikin komi, mai buga takardu a ofis, da faransancin da na koya a makarantar mishan ta ƙasar Maraɗi. Shi ya sa har yau ake ce mini Baba Komi, ko da yake na daɗe da ajiye aiki. Na san Laraba tun tana zama bayan teburin ubanta tana ƙulla gishiri, yarinya mai kaifin ido da ƙarancin magana.

A farkon shekarun casa'in ta auri Malam Gana, Babarbare manomin tattasai daga Geskeru. Shi yana can bakin kogin Komadugu da gonarsa da injin ban-ruwansa, ita tana nan gari tana sayen busasshen tattasai a hannun manoma tana sayar wa masu kai shi Najeriya. Idan ta wuce ta ƙofar gidana da yamma, yara sai sun yi atishawa saboda yajin da ke jikin zanenta. Mace ce da ba a taɓa ganin ta ruɗe ba. Na ga ranar da ruwan sama ya jiƙa mata buhunan tattasai a kasuwa, sai kawai ta shanya wanda zai shanyu ta zubar da sauran.

Mutanen Damagaram suna da kunyar ɗan fari, gidan su Laraba kuwa sun fi kowa riƙe ta. Uwa ba ta kiran ɗanta na fari da suna, ba ta wasa da shi, ba ta zama su yi hira. Ga shi kuma an raɗa wa yaron sunan mahaifin mijinta, Sadiƙ, sai kunyar ta zama biyu. Da aka yaye shi, kakarsa Yakaka ta ɗauke shi zuwa Geskeru, can ya tashi. Na taɓa kwana biyu a garin, na ji yadda tsohuwar ke yi da sunan nan tun safe har faɗuwar rana. Sadiƙ zo ka ci, Sadiƙ fito daga ruwan nan, Sadiƙ wa ya taɓa min kai. Laraba kuwa takan ɗinka riga ta ba direba ya kai, ba ta faɗin daga wa ta fito ko ta wa ce. Kowa ya sani, kuma haka ake so.

Yakaka ta rasu a shekarar dubu biyu da bakwai. Aka dawo da Sadiƙ Diffa domin ya ci gaba da kolej, wato makarantar sakandare, yana da shekara goma sha biyar, dogo, mai dariya da ƙarfi. Yakan shigo zaurena ya tambaye ni ma'anar kalmomin faransanci, ya yi mini ba'a wai ina magana kamar tsohuwar rediyo. A gida kuma uwarsa ta ci gaba da abin da ta gada. Yana zaune gabanta, sai ta juya wajen ƙanwarsa ta ce, "Balkisa, ce wa wancan tuwonsa na hucewa." Ta cikin katanga nake ji, ban ga wani abu a ciki ba, haka aka yi wa yayana, haka aka yi wa rabin mutanen da na sani.

Bayan daminar shekarar da ta biyo ne yaron ya fara canzawa. Ya daina ƙwallo. Ya daina shigowa zaurena. Idan na gaishe shi sai ya amsa yana kallon ƙasa. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ga barcin rana, ga fashin lekwal, wato makaranta, har mushensu, malamin ajinsu, ya zo gida da kansa. Laraba ta kai shi likita aka auna jini, aka ce ba zazzaɓin sauro ba ne, ba a ga komai ba. Ta karɓo rubutu ya sha, ta yi turare a ɗakinsa. Malam Gana ya zo daga gona, ya tsaya a tsakar gida yana magana da iska, domin shi ma ba ya kallon ɗan farinsa ido da ido. Ya ce idan mutum ya gaji da boko, gona na nan tana jira. Ya koma Geskeru.

Sai yaron ya fara rabar da kayansa. Takalmin ƙwallonsa ya ba wani, ƴar rediyonsa ya ba wani. Da la'asar sai ya nufi bakin kogi shi kaɗai, lokacin kuwa Komadugu ta cika ta batse.

Ranar wata Talata, ranar kasuwar Diffa, Laraba ta yi sallama a zaurena da hantsi. Ganinta a wannan lokaci kaɗai ya ishe ni sanin ba lafiya ba, domin ba ta taɓa barin rumfarta ranar kasuwa ba. Ta durƙusa.

"Baba, wancan ya gaya wa Balkisa wata magana."

"Wace magana, ƴata?"

"Wai kwanan nan za mu huta da shi."

Ta ce tun da ta ji ba ta iya haɗiyar ko ruwa. Ta ce ta je wajen malam ta je wajen likita, ni na yi boko, ko akwai abin da aka rubuta a kan irin wannan. Sai na tuna ƴata da ke aikin jinya a Wagadugu ta taɓa aiko mini da adireshin wani zaure a intanet, inda iyaye ke kai kukan ƴaƴansu matasa, wasu ma'aikatan lafiya kuma suna amsawa. Na rubuta shi na ajiye ban taɓa buɗewa ba. Na ce mata ta tashi mu tafi siber, shagon intanet.

Siber ɗin Abatcha ɗaki ne guda bayan kasuwa, da ordinata, wato kwamfuta, ƙwaya kaɗan da fanka mai kuka. Nan nake zuwa in rubuta wa ƴata saƙo. Da Abatcha ya gan mu sai ya washe baki.

"Baba Komi, yau da baƙuwa? Hajiya, tattasan za a sayar wa Turawa ta inji?"

Laraba ba ta ko dube shi ba. Ya kalli fuskarta, ya haɗiye sauran ba'ar, ya jawo mata kujera da kansa.

Tana faɗa da Hausa, ina bugawa da faransanci. A makarantarmu an hore mu da cewa mai fassara ba ya ƙari ba ya ragi, don haka duk inda ta ce "wancan" na rubuta "wancan". Ta faɗi ramar, da fashin lekwal, da kayan da ya rabar, da kogi, da maganar da ya gaya wa ƙanwarsa. Muka aika. Shafin yana buɗewa kaɗan-kaɗan daga sama, kafin ya kai ƙasa aka ɗauke wuta. Abatcha ya ce daga Najeriya ne aka yanke ta, don daga can take zuwa, babu wanda ya san ranar dawowarta. Laraba ta zauna tana kallon baƙin gilashin.

"Saƙon ya tafi, Baba? Ko yana nan ciki?"

Na ce ina jin ya tafi. Gaskiya ban tabbata ba.

Washegari bayan azahar wuta ta dawo, muka koma. Iyaye da dama sun amsa, wani daga Kotonu, wata daga Bamako, kowa da addu'arsa da labarin nasa ɗan. Amma a sama akwai saƙon wata ma'aikaciyar lafiya da ke sa hannu da suna Madam Awa, ta kuma rubuta cewa tana nan a gaban injinta, mu yi magana yanzu. Tambayarta ta farko ta ba ni mamaki. Ta ce yaron nan ɗan cikin matar ne, ko riƙo aka ba ta? Ta ce ta karanta saƙon daga farko har ƙarshe ba ta ga sunansa ba, sai "wancan". Ko fushi take yi da shi?

Da na fassara, Laraba ta dafe ƙirji.

"Fushi? Ni? Baba, gaya mata ni na haife shi. Gaya mata kwana uku na yi ina naƙudarsa."

Na buga. Madam Awa ta ce to yaya sunansa. Laraba ta sunkuyar da kai ta ja mayafi ta rufe baki. Ni na rubuta sunan da hannuna, sannan na yi wa matar bayanin kunyar ɗan fari gwargwadon iyawata, da yadda kaka ke ɗaukar abin da uwa ta ajiye, da rasuwar Yakaka. Sai Madam Awa ta rubuto tambaya ɗaya: tun da tsohuwar ta rasu, wane babba ne a gidan yake zama da yaron ya tambaye shi abin da ke damunsa?

Na fassara. Laraba ta buɗe baki za ta amsa, ta rufe. Ni ma na lissafa a zuciyata, uwa, uba, kawunnan da ke Damagaram, ni da ke bayan katanga, ban samu kowa ba.

Madam Awa ba ta zagi al'adarmu ba, wannan zan shaida mata. Ta ce ba za ta iya sanin ciwon yaro daga nesa ba, amma abin da aka faɗa mata ya yi kama da ciwon baƙin ciki mai zurfi da ke kama matasa, ciwo ne kamar kowane ciwo, ana kuma samun sauƙinsa. Ta ce rabar da kaya da maganar hutu alamu ne da ba a jira da su. Ta ce yau ɗin nan a kawar da duk wani abu mai guba daga gidan, kada a bar shi shi kaɗai, a mayar da shi likita a faɗa musu maganar da ya yi, ba zancen zazzaɓi ba. Sannan ta ce wani wanda yaron ya san yana ƙaunarsa ya zauna kusa da shi, ya kira sunansa, ya tambaye shi a fili ko yana tunanin kashe kansa.

Na tsaya kafin in fassara ta ƙarshen. Da na faɗa, Laraba ta miƙe tsaye har kujerar ta faɗi.

"A'uzubillahi! In faɗi wannan da bakina? In kira masa abin? Baba, matar nan tana da ɗa kuwa?"

Na buga tambayar yadda ta yi ta. Madam Awa ta ce tana da uku. Ta ce tambaya ba ta saka wa yaro tunanin da ba shi da shi, idan kuma yana da shi, to ya daɗe yana ɗauke da shi shi kaɗai. Ta ce idan uwar ba za ta iya ba, a nemo wanda zai iya, amma kada a kai gobe.

"Kai ka tambaye shi, Baba," in ji Laraba.

Na ce zan yi idan ta ce in yi. Na kuma gaya mata gaskiya, cewa yaron ya daina haɗa ido da ni tun watanni, ina jin zai ce mini lafiya lau ne kawai. Muna fita ta tsaya cak a bakin ƙofa.

"Fiya-fiya," ta ce.

Malam Gana yakan sayi maganin ƙwarin tattasai a gari ya ajiye a ɗakin buhuna kafin ya wuce da shi gona. Laraba ta tattare zanenta ta sheƙa, matar da ban taɓa ganin ta ko sauri ba. Ni da ciwon gwiwata na bi ta a baya. Da na isa na same ta a ɗakin buhuna ta birkice komai. Kwalin yana nan, an yage bakinsa, gurbin kwalba ɗaya babu komai. Sadiƙ ba ya ɗakinsa. Balkisa ta ce ya fita tun ana kiran azahar, bai ce ga inda za shi ba.

Na tare mana kabu-kabu biyu, baburan haya. Hanyar kogi ba ta da nisa, amma ban taɓa jin tsawonta kamar ranar ba. Muka wuce lambuna, tattasai ya fara ja, injuna na ta ƙugi, mutane na ɗaga mana hannu. Laraba tana gaba, ina ganin bayanta, mayafinta ya zame ba ta gyara ba. Ni kuwa duk addu'ar da na sani tun ta yarinta sai da na karanta.

Muka sauka inda babur ba ya wucewa. Ta bi gaɓa tana leƙa kowane gindin itace. Sai ga shi can ƙasa da mashigar masu kwalekwale, yana zaune a kan tushen wata tsamiya da ruwa ya ci gindinta, ya ba mu baya, ƙafafunsa a cikin ruwa. Yana motsi.

Ta matsa har ta kusa da shi. Na tsaya nesa kaɗan, inda nake jin su. Ta ce, "Kai." Bai juyo ba. Ta sake cewa, "Kai, ba ka ji ba?" Ko gezau. Na ga leɓenta na motsi babu sauti, kamar mai gwada kalmar wani harshe. Sannan ta faɗa, muryarta ta fita a karye.

"Sadiƙ."

Yaron ya zabura ya waiwaya, ba wajenta ba, wajen hanyar Geskeru. Sai daga baya idonsa ya sauka a kanta. Ya yi ta kallonta kamar bai santa ba.

Ta cire takalmi ta zauna a kan tushen, kafaɗarta na taɓa tasa. Ba ta dube shi ba, ruwa take kallo.

"Sadiƙ, zan tambaye ka, kada ka yi mini ƙarya. Kana tunanin kashe kanka?"

Wani mai kwalekwale ya wuce yana waƙa da Barbarci, bai san abin da ake ciki ba.

"E, Inna," in ji yaron.

Na zaci za ta yi kururuwa. Ba ta yi ba. Ta kama hannunsa ta riƙe da hannu biyu.

"Ka sha?"

"A'a."

"Ina take?"

Ya nuna wani rami a cikin saiwoyin. Ta miƙo mini hannu ba tare da ta waiwayo ba, na gane, na sauka na ɗauke kwalbar, murfinta a rufe yake. Na koma sama na ba su wuri. Daga can ina ganin kafaɗunsa na girgiza, ita kuma ba ta saki hannun ba. Abin da ya gaya mata, daga baya ta ba ni kaɗan. Wai tun da aka binne kakarsa yake jin kamar baƙo ne da ya wuce kwanakinsa a gidan mutane. Wai ya san al'ada ce, ya san ba ƙi ba ne, amma sanin bai hana komai ba.

Daga bakin kogi likita muka wuce, Laraba ta faɗa wa ma'aikacin maganar da bakinta, kalma bayan kalma. Suka riƙe shi, suka rubuta masa takardar zuwa babban asibiti a Damagaram, ta rufe rumfarta ana tsakiyar kakar tattasai ta tafi da shi. Malam Gana da ya ji labari ya bar injinsa a gona ya biyo su. An ce ya zauna a bakin gadon yana ta ɓare wa yaron lemo.

Ba zan ce Sadiƙ ya warke a ranar ba, ko a watan. Ya rasa shekarar karatu. Akwai makonnin da ya koma kwanciya, Laraba ta zo ta tsaya a ƙofar zaurena da mayafi a hannu, in tashi mu nufi wajen Abatcha. Madam Awa ta koya mata ta riƙa zama da shi ko ba magana, ta bar yi masa faɗan lekwal, ta ba shi aikin da zai iya gamawa. Sai ta sa shi ɗinkin bakin buhu a rumfarta, suna zaune gefe da gefe.

Matan kasuwa ba su bar ta ba. Ina wajen ranar da Fanna mai kifi ta ɗaga murya daga rumfarta.

"Laraba, an ce yanzu har suna kike kira? Kunyar Damagaram ta faɗa kogi ke nan?"

"Ta faɗa," in ji Laraba, tana auna tattasai. "Da ita da shi aka ce in zaɓa."

Fanna ta yi dariya don ba ta gane ba, sauran ma suka yi. Sadiƙ yana gefe da basilla a hannu, bai ɗago ba, amma na ga ya ɗan murmusa.

Ya koma kolej a shekarar da ta biyo, ya ci jarrabawarsa. Yanzu yana Shetimari yana koyon gyaran injin ban-ruwa wajen wani ƙanen ubansa, yakan zo gida ranar Juma'a. Laraba ta ci gaba da kasuwarta, sai dai ba ta koma matar da na sani da ba ta ruɗewa ba. Idan motar Shetimari ta yi latti, ba ta iya zama. Takan fito ƙofar gida, ta koma, ta sake fitowa, ta leƙo zaurena ta tambaye ni ƙarfe nawa, alhali da agogo a hannunta. In ya iso kuma ba ta yarda da "lafiya lau" ɗinsa na farko. Sai ta zaunar da shi, ta dube shi da kyau, ta sake tambaya.